Sunan Kwamfuta da Sunan Yanki ta Hanyar DHCP: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ke kula da kwamfutoci da yawa a wuri ɗaya, ko ofis ne, ko ɗakin kwamfuta na makaranta, ko cibiyar jarrabawa, ya san rabon adireshi ba shi ke cin lokaci ba. Rauta na yin wannan da kanta ta hanyar DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi kai tsaye. Abin da ke ɗaure kai shi ne suna: firinta ta ɓace jiya, yau ta dawo da wata lamba, kwamfutar akawu kuma ta wayi gari da sunan da ba wanda ya raɗa mata. Yawancin wannan rikici tushensa ɗaya ne, wato ba a tsai da shawara kan wanda ke da ikon sunan ba, kuma ba a tanadi wanda zai rubuta shi a DNS ba, wato tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshi.

Ba adireshi kaɗai DHCP ke rabawa ba? Ina ruwansa da suna?

Adireshin IP kashi ɗaya ne kawai na abin da yake bayarwa. Idan kwamfuta ta shiga hanyar sadarwa, saƙonni huɗu ne ke kai da komowa tsakaninta da uwar garke, wato na'urar da ke rabon, wadda sau da yawa rauta ce: ta yi cigiya, a yi mata tayi, ta nemi abin da aka taya mata, a tabbatar mata. Uwar garke na sauraro a ƙofa ta 67 ta UDP, kwamfuta kuma a ta 68. Cikin waɗannan saƙonni akwai guraben ƙarin bayani, kowanne da lambarsa, waɗanda aka jera a takardar ƙa'idar intanet RFC 2132 ta 1997, abokiyar RFC 2131 da Ralph Droms ya rubuta. Lamba 3 adireshin rauta ce, lamba 6 adireshin uwar garken DNS, lamba 51 kuma wa'adin aron adireshin.

Waɗanda suka shafi suna guda huɗu ne. Lamba 12 sunan kwamfutar ne. Lamba 15 sunan yankin da take ciki. Lamba 119 jerin yankunan da za a liƙa wa gajeren suna yayin nema. Lamba 81 kuma cikakken suna ne, haɗe da umarni kan wanda zai rubuta shi a DNS.

To wa ke raɗa sunan, kwamfuta ko uwar garke?

Kowannensu na iya yi, kuma nan ne gizo ke saƙar. Gurbi mai lamba 12 hanya ce mai zuwa da dawowa. Kwamfuta na iya cika shi ta ce sunana kaza. Uwar garke ma na iya cika shi a amsarta ta ce a nan sunanki kaza. Ba dole ba ne ɗayansu ya yarda da na ɗaya. Windows na faɗin nata sunan, ba ta kuma sauya shi don uwar garke ta aiko da wani. Linux kan karɓi na uwar garke idan ba a sa mata suna na dindindin ba.

Shawarata ita ce a raba na'urori gida biyu. Waɗanda ake nema da suna, irin su firinta, kwamfutar ajiyar fayil da na'urar adana hotunan kyamarorin tsaro, uwar garke ce ya kamata ta riƙe sunansu, a ɗaure shi da adireshin MAC na kowacce, wato lambar da ke liƙe da katin sadarwarta. Wayoyi da kwamfutocin tafi-da-gidanka na masu shige da fice kuwa, a bar su su faɗi sunan da suka ga dama, tunda ba wanda zai neme su. Ɗaukar tsari ɗaya a ɗora wa kowa shi ke jawo aiki marar ƙarewa.

Ina ganin sunan kwamfutata a shafin rauta, amma idan na yi ping da sunan ba ya tafiya. Me ya sa?

Saboda DHCP daban, DNS daban. Kamar baƙo ne ya iso masauki, ya faɗa wa mai gadi sunansa, aka ba shi ɗaki. Idan mai gadi bai shigar da sunan a littafin masauki ba, duk wanda ya zo neman baƙon za a ce masa ba a san shi ba, alhali yana ciki. Jerin da kake gani a shafin rauta abin da na'urori suka faɗa ne kawai. Kafin suna ya yi aiki, sai wani ya mayar da shi rubutaccen bayani a DNS.

Wasu manhajoji na haɗa ayyukan biyu. Mafi shahara shi ne dnsmasq na Simon Kelley, wanda ke cikin OpenWrt (manhajar gudanar da rauta) da rautoci da dama na gida: da zarar ya ba da aron adireshi, sunan ya shiga DNS nasa. Ga misalin saiti mai aiki:

domain=ofis.internal
local=/ofis.internal/
expand-hosts
dhcp-range=192.168.10.100,192.168.10.200,12h
dhcp-host=00:00:5e:00:53:01,firinta,192.168.10.20

Layin farko na ba da sunan yanki, yana kuma aika shi ga na'urori a gurbi na 15. Na biyu na hana tambayoyin wannan yanki fita waje zuwa intanet. Na ƙarshe ya ɗaure firinta da suna da lamba guda, ko me ita ta ce sunanta.

Ko da rauta na rubuta sunayen, akwai abin da ke lalata aikin a ɓoye. Mutane da yawa kan sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare da hannu a kwamfuta, don neman sauri. Daga wannan lokaci tambayar suna ba ta bi ta rauta kuma, Google kuwa bai san firintar ofishinka ba. Haka abin yake idan an kunna keɓaɓɓen DNS a wayar Android, ko an sa burauza ta yi DNS ta cikin HTTPS. Idan kana son amfani da waɗannan, sa su a rauta a matsayin inda za ta tura abin da ba ta sani ba, na'urori kuma su ci gaba da tambayar rauta.

Mene ne bambancin gurbi na 15 da na 119?

Na 15 suna ɗaya tak yake ɗauka. Na 119, wanda RFC 3397 ta kawo a 2002, jeri yake ɗauka. Idan ka rubuta firinta kawai, kwamfuta za ta gwada firinta.ofis.internal, in bai samu ba ta wuce ga yanki na gaba a jerin. A Linux za ka ga sakamakon a layin search na /etc/resolv.conf, ko da umarnin resolvectl status idan systemd-resolved ke aiki. A da layin ba ya wuce yankuna 6, sai glibc 2.26 ta 2017, wani muhimmin ɓangaren Linux, ta cire wannan iyaka.

Kar ka cusa sunaye biyu cikin na 15 da tazara tsakaninsu. Tsohuwar dabara ce da wasu na'urorin Linux suka yarda da ita, amma ta saɓa ƙa'ida, wasu na'urori kuma za su ɗauki duka layin a matsayin suna ɗaya. Sai kuma a lura cewa na 119 ba rubutu zalla ba ne. Kowane ɓangaren suna ana fara shi da adadin haruffansa, a rufe da sifili: ofis.internal zai zama 04, sai haruffan ofis, sai 08, sai haruffan internal, sai 00. dnsmasq da Kea, wata manhajar uwar garken DHCP, na yi maka wannan lissafi. A wasu na'urori kuwa da hannu ake shigar da lambobin, kuma kuskuren ƙirga harafi ɗaya ya isa a yi watsi da jerin baki ɗaya. Windows 7 ba ta karanta na 119, sai a zamanin Windows 10 aka ƙara shi.

Wane sunan yanki ya dace na yi amfani da shi a cikin gida?

Idan ma'aikatarku na da yankin da ta yi wa rajista, ko ƙarƙashin .ng ne da NiRA ke kula da shi, ko .ne na Nijar, ko .com, mafi tsafta shi ne a yanko ƙaramin yanki daga cikinsa, kamar ciki.example.com. Naku ne, ba mai ƙwace shi, kuma za ku iya samun takardar shaidar HTTPS da shi. Idan babu, akwai biyu da aka ware don wannan aiki: home.arpa, wanda RFC 8375 ta keɓe wa gidaje a 2018, da .internal, wanda ICANN ta ware a 2024 don amfanin cikin gida.

Ka guji .local. An keɓe shi ga mDNS a RFC 6762 ta 2013, don haka na'urorin Apple da Linux da yawa ba sa kai tambayarsa ga uwar garken DNS, sai su yi shela a cikin hanyar sadarwar ta ƙofa ta 5353. Sakamakon shi ne suna ya yi aiki a wannan kwamfuta ya ƙi a waccan. Ka kuma guji ƙirƙiro ƙarshen suna daga kanka. Masu rubuta manhaja sun daɗe suna amfani da .dev a kwamfutocinsu, sai Google ta mallake shi, a ƙarshen 2017 kuma Chrome ya fara tilasta HTTPS a kan duk sunan da ya ƙare da shi. Shafukan gwaji na mutane da yawa suka daina buɗuwa a rana ɗaya. OpenWrt na zuwa da .lan, yana kuma aiki, sai dai ba a ware shi a hukumance ba.

Zan iya sa ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a sunan kwamfuta?

A sunan da za a aika ta DHCP, a'a. Ƙa'idar RFC 952 da gyaran da RFC 1123 ta yi mata a 1989 sun amince da haruffa a zuwa z, lambobi 0 zuwa 9, da karan ɗori kawai, shi ma ba a farko ko a ƙarshe ba. Babu tazara, babu layin ƙasa, babu alamar ɗauri irin ta 'y. Kowane ɓangare ba ya wuce haruffa 63, cikakken suna kuma 253. Windows na da tata iyakar ta NetBIOS, haruffa 15, shi ya sa sunan da take raɗa wa kanta yake DESKTOP- da haruffa 7 a gaba.

Akwai tsarin Punycode da ke mayar da irin haruffanmu zuwa suna mai farawa da xn--, amma don yankunan intanet aka yi shi, ba wanda zai so ya karanta shi a jerin rauta. Abin da ya fi shi ne a rubuta dakin-taro ko kofar-gabas a matsayin sunan aiki, sannan a sa sunan Hausa cikakke a gurbin nuni. A Linux:

hostnamectl set-hostname dakin-taro --static
hostnamectl set-hostname "Ɗakin Taro" --pretty

Na biyun mutane ne ke ganinsa, ba ya shiga DNS.

Yaya ake saita wannan a Linux?

Ya danganta da abin da ke riƙe da hanyar sadarwar. Fara da hostnamectl ka ga halin da ake ciki. systemd na da suna iri uku: na dindindin da ke cikin /etc/hostname, na wucin gadi da kan zo daga DHCP, da na nuni. Muddin akwai na dindindin, shi ke gaba.

A NetworkManager, wanda ke kan yawancin kwamfutocin tebur, sunan na'urar ake aikawa kai tsaye. In kana son aika wani daban a wata hanyar sadarwa:

nmcli connection modify ofis ipv4.dhcp-hostname akawu1

Akwai kuma ipv4.dhcp-fqdn don cikakken suna, amma ba a haɗa su biyun a lokaci guda. A systemd-networkd, ƙarƙashin sashen DHCPv4, SendHostname ke kula da aikawa, UseHostname ke kula da karɓa, UseDomains kuma ke yanke ko za a yi amfani da yankin da aka aiko. Wannan na ƙarshe a kashe yake zuwa, kuma shi ne dalilin da gajeren suna ke ƙin aiki a uwayen garke da yawa duk da cewa rauta ta aiko komai daidai. Mai amfani da tsohon dhclient zai sami layin send host-name = gethostname(); a dhclient.conf, da supersede domain-search don danne abin da uwar garke ta aiko. Sai dai ISC, ƙungiyar da ta samar da dhclient, ta daina kula da wannan manhaja a 2022, ta mayar da hankali kan Kea a ɓangaren uwar garke. Sabon aiki bai kamata a gina shi a kanta ba.

A Windows da Mac fa?

A Windows, ipconfig /all zai nuna maka layuka biyu da ake yawan rikitawa. Babban yankin kwamfutar daga shiga Active Directory, tsarin Microsoft na kula da kwamfutocin ma'aikata, yake zuwa, ko daga saitin hannu. Yankin da ya shafi kowane katin sadarwa kuwa shi ne wanda ya zo ta gurbi na 15. Ana sauya suna da Rename-Computer a PowerShell, sai an sake kunnawa yake kamawa. Bayan gyara a rauta, ipconfig /renew zai ɗauko sabon bayani, ipconfig /registerdns kuma zai sake rubuta suna a DNS.

Mac na da ComputerName, LocalHostName da HostName, ana duba su da scutil --get.

Sunan kwamfutata ya canza da kansa bayan na shiga wata hanyar sadarwa. Kutse ne?

Galibi ba kutse ba ne. Idan ba a sa HostName a Mac ba, ko na dindindin a Linux, na'urar kan ɗauki sunan da DHCP ya aiko, ko ta tambayi DNS sunan da ke liƙe da adireshin da aka ba ta. Idan wayar wani ce ta riƙe adireshin jiya kuma ba a goge bayanin ba, sunan wayarsa za ka gani a tagar umarni. Maganinsa a Mac sudo scutil --set HostName da sunan da kake so, ko hostnamectl a Linux.

A babbar ma'aikata inda DHCP da DNS ke kan na'urori daban, wa ke rubuta sunan?

Wannan shi ne aikin gurbi na 81, wanda RFC 4702 ta tsara a 2006. Bayani iri biyu ake rubutawa: A, mai kai suna zuwa lamba, da PTR, mai mayar da lamba zuwa suna. Kwamfuta na aiko da cikakken sunanta tare da tutoci, ɗaya na cewa uwar garke ta rubuta mata A, wata na cewa kar a rubuta komai. Uwar garke na iya ƙin bin buƙatar, ta kuma sanar da hakan a amsarta. A tsarin Windows na asali, kwamfuta ce ke rubuta A, uwar garke ta rubuta PTR.

Rubutun kansa ana yin sa da saƙon sabuntawa na RFC 2136, wanda BIND, manhajar uwar garken DNS, ke karɓa. Tilas a kulle shi da mabuɗin TSIG, wato mabuɗin sirri da ke tabbatar da wanda ya aiko saƙon. Yankin da ke karɓar sabuntawa daga kowa, kowa na iya sauya inda sunan uwar garken albashi ke nunawa. A Kea, wani ɓangare mai suna kea-dhcp-ddns ke wannan aiki. Ni na fi son uwar garken DHCP ta rubuta duka biyun, domin ita ta san lokacin da aro ya ƙare, ita ce kuma za ta iya goge tsohon bayani. Kwamfutar da aka fizge wa wayar sadarwa aka tafi da ita ba ta share bayan kanta.

Na kwafi faifai ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa, yanzu suna rigima kan suna da adireshi. Ina mafita?

Wannan ciwon ɗakunan kwamfuta ne da cibiyoyin jarrabawa, inda ake shirya na'ura ɗaya a kwafa wa saura. Duk sun tashi da suna ɗaya. dnsmasq na ba da sunan ga wadda ta zo a ƙarshe, ya ƙwace daga ta farko, don haka sunan zai yi ta yawo tsakaninsu. A tsarin da ke da sabuntawar DNS akwai bayanin DHCID na RFC 4701, wanda ke shaida na'urar da ta fara riƙe suna don kar wata ta danne ta.

Rigimar adireshi kuma ta fi ɓoyuwa. systemd-networkd ba ya gabatar da kansa da MAC, da wata lamba yake yi wadda ake samarwa daga /etc/machine-id. In an kwafi wannan fayil, uwar garke na iya ɗaukar na'urorin a matsayin guda ɗaya, ta ba su adireshi ɗaya. Kafin kwafi, a wofintar da fayil ɗin da truncate -s 0 /etc/machine-id don kowacce ta samar da nata, ko a sa dhcp-identifier: mac a Netplan, manhajar saita sadarwa ta Ubuntu. A Windows, sysprep /generalize ake gudanarwa kafin ɗaukar hoton faifan. Game da suna, hanya mafi sauƙi a Linux ita ce a bar na dindindin babu komai, a rubuta layin dhcp-host ga kowace kujera a uwar garke: kujera-01, kujera-02, har ƙarshe. Ranar da wata ta samu matsala, sunanta zai kai ka teburinta.

Me ya sa sunaye ke ɓacewa bayan an ɗauke wuta?

A OpenWrt jerin aro na zaune ne a /tmp/dhcp.leases, wato cikin ƙwaƙwalwar da ke gogewa idan na'ura ta mutu. Wuta ta dawo, ko an tada janareta, rauta ta tashi ba ta san kowa ba. Na'urorin da suka mutu tare da ita za su sake neman adireshi, sunansu ya dawo. Waɗanda ke kan inbata ko batir, ta bayan wani suwic da bai mutu ba, ba su san an yi komai ba. Ba za su yi magana ba sai rabin wa'adin aronsu ya cika, domin a nan ƙa'ida ta ce a fara sabuntawa. Aron awa 12 na nufin suna na iya ɓacewa har awa 6.

Layin dhcp-host kaɗai bai isa ba, don dnsmasq ba ya sa sunan a DNS sai akwai aro mai rai. Ga na'urori masu muhimmanci a ƙara host-record=firinta.ofis.internal,192.168.10.20, wanda ke nan ko da aro ko babu. Sannan a sa rauta kan batir ɗaya da suwic.

Akwai haɗari a cikin wannan musayar suna?

Akwai, ta ɓangare biyu. Suna rubutu ne da ya fito daga bakin wanda ba ka sani ba. A 2011 an gano cewa dhclient na miƙa sunan da uwar garke ta aiko ga rubutun umarni ba tare da tacewa ba, a 2018 kuma aka sami makamancin haka a Red Hat da Fedora, wanda aka yi wa laƙabi da DynoRoot: uwar garken bogi a hanyar sadarwa na iya gudanar da umarni da cikakken iko. An toshe su, amma tsohuwar na'urar da ba a sabunta ba tana nan da raunin. Ta ɗaya ɓangaren, na'ura na iya cewa sunanta wpad, sunan da kwamfutoci ke nema don samun saitin wakilin burauza, ta janyo zirga-zirgar mutane ta bi ta kanta. Uwar garke mai hankali ba ta karɓar wannan suna daga kowa.

Sai batun sirri, wanda ya fi shafar kowa. Waya mai ɗauke da sunan mai ita na iya faɗin sunan ga kowane wayfai da ta shiga, a otal ko filin jirgi. Android 10 da iOS 14 sun fara sauya adireshin MAC don hana bibiya, amma suna na iya tona abin da MAC ya ɓoye. RFC 7844 ta 2016 ta ba da shawarar kar a aika suna a wuraren da ba a amince da su ba. A NetworkManager ana yin haka da ipv4.dhcp-send-hostname no ga wannan haɗin kaɗai. A waya kuwa, cire sunanka daga sunan na'urar. Sauyin MAC ɗin kuma na karya ɗaurin dhcp-host, don haka wayar da kake son ta riƙe suna a ofis sai an kashe mata shi a wannan wayfai.

IPv6 ma haka yake?

Manufa ɗaya, lambobi daban: 39 don cikakken suna, 24 don jerin yankuna, 23 don uwar garken DNS, a ƙofofi 546 da 547. Babu takwaran gurbi na 12. Na'urori da yawa, musamman Android, kan ƙirƙiri adireshinsu da kansu daga sanarwar rauta ba tare da neman aro ba, don haka babu lokacin da za su faɗi suna. Jerin yankuna da DNS na iya zuwa cikin sanarwar rautar, bisa RFC 8106.

Na gwada komai bai yi ba. Ta ina zan gane inda matsalar take?

Daina sauya saiti, ka kalli abin da ke wucewa a wayar sadarwa. A kwamfutar Linux:

sudo tcpdump -i eth0 -n -v port 67 or port 68

Bar shi yana gudana, ka cire wayar sadarwa ka mayar. A Wireshark, manhajar kallon saƙonnin sadarwa, matacin shi ne dhcp, ko bootp a tsoffin da suka gabaci 3.0. Duba saƙon buƙata: akwai gurbi na 12 ko 81, kuma me ke ciki? Duba gurbi na 55, jerin abin da kwamfuta ta roƙa, domin uwar garke ba ta cika aiko da 119 ga wadda ba ta nema ba. Duba amsar: akwai 15, kuma lamba 6 na nuna rauta ko wani wuri? Duba adireshin wanda ya amsa, don sau da yawa wata ƙaramar rauta ce da wani ya jona don ƙara ƙarfin wayfai take raba nata adireshin. Idan kwamfuta ta tashi da lamba mai farawa da 169.254, ba wanda ya amsa mata sam. Idan duk wannan daidai ne, tambayi DNS kai tsaye da nslookup firinta.ofis.internal 192.168.10.1. In ya amsa, gyaran na kan kwamfutar. In bai amsa ba, ba a rubuta sunan ba, sai a koma kan uwar garke.